Mai Faci Ya Koma Kan Keke

Shekara talatin Mai Faci ya yi yana gyaran kekuna a ɗan shagonsa na bakin titi, bango ɗaya da mai aski. A keke yake zuwa, a keke yake komawa gida. Yana da shekara hamsin da biyu ƙugunsa na dama ya fara ciwo. Ya yi ta daurewa har ta kai ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau sirdi. Likita ya duba hoto ya ce ƙashin ya cinye, sai an yi aiki an sa na ƙarfe.

Aka yi aikin lafiya. Ya fara takawa da sanda, daga gado zuwa ƙofa. Abin da ya fi ciwon damunsa shi ne matarsa ce ke sa masa takalmi.

A sati na shida, ma'aikaciyar gashin ƙashi ta asibitin ta nuna masa wani keke kafe a ƙasa.

"Baba, hau. Minti biyar kawai."

"'Yata, wannan ina za shi?"

"Ba ya zuwa ko'ina."

Ya hau, ya murza feda, ya karkata kunne. "To, yana son mai," in ji shi. Sai da ta dafa bango don dariya.

Da ya koma shago, ya jawo wani tsohon keke, ya sa mai walda ya haɗa masa ƙarfen da zai ɗage tayar baya. Kowace safiya sai ya murza har gumi ya keto masa. Mai aski kan leƙo da tumbinsa ya ce, "Direba, yau ina ka kai?"

"Na dai wuce ka."

Ba a yi wata ba, mai askin da kansa ya zo yana sosa ƙeya, wai a ba shi ya ɗana. Yanzu su huɗu ke bin layi.

Bayan wata biyar likita ya yarda ya hau titi. Ya zaɓi keken mata, tunda ba sai ya wurga ƙafa ba. Abokai suka yi masa ca, ya ce ƙugun nasa ne, ba na aro ba.

Ba ya gudu yanzu, ba ya kuma tsugunawa. A doguwar kujera yake faci. Ranar da babu aiki sosai yakan bi doguwar hanya zuwa gida, yana tafe yana fito.