Kwana Tara Ina Magana da Bakin Mushe

Shekarar da aka sami 'yancin kai, Turawan da ke koyarwa a lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko, suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba a kawo madadinsu ba. Aji uku suka koma hannun malaminmu na lissafi, wani siririn mutumin Gaffati da muke kira Mushe, yadda muke furta kalmar Faransanci ta kiran malami. Saura wata biyu jarrabawarmu ta fita, kuma in ba shi ba, babu mai koya mana.

Ajinmu rufin kwano ne. Da bazara, kafin azahar alli ya jiƙe a hannunsa. Saboda gajartata ake zaunar da ni a bencin gaba, don haka nake ganin abin da saura ba sa gani: maɓallin rigarsa a ramin da ba nasa ba, da yadda yake dafa tebur kafin ya miƙe.

Sai muryarsa ta dushe. Ya roƙi darakta, shugaban lakwal ɗin, hutun mako guda, aka ce masa ƙasa na bukatarsa, ya sha zuma. Daga ranar ya tsayar da ni gefen teburinsa, yana raɗa mini darasi a kunne, ni kuma ina faɗa wa aji. Ni da ko gaisuwa ba a jin muryata. Samarin baya suka laƙaba mini Rediyo.

Wata Laraba, muna tsakiyar lissafi, raɗar ta tsaya. Sannan da Hausa, wadda aka hana a aji, ya ce, "'Yata, gaya musu na manta. Ban san abin da ke biye ba."

Na kasa gaya musu. Na ɗauki alli na ƙarasa lissafin, kamar shi ya faɗa mini. Kwana tara ina haka, ina kwaso darasin bara daga tsohon littafina, shi yana zaune yana kallon taga. A zatona asirinsa nake rufawa.

Darakta ya leƙo sau biyu, ya tarar da aji tsit ana rubutu. Ya ce ashe Mushe ya warware, ya ƙara masa aji na huɗu.

Washegari Mushe bai zo ba. Da hantsi matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da goyo, ta ce 'yan'uwansa sun tafi da shi ƙauye, ko su ba ya yi wa magana. Aji duka suka juyo suna kallona, suna jiran in fara darasi. Ba ni da sauran shafi a tsohon littafin.