Lallen da Ya Rufe Faratanta

Wata ranar kasuwar Malanville na fara lura. Matata tana yi wa maƙwabciya kitso a tsakar gida, sai na ga farcen babban yatsanta ya yi ƙananan ramuka kamar an soke shi da allura. Bakinsa ya yi rawaya, ya ɗaga daga nama.

Zamanin mulkin soja ne. Ina ɗinki kusa da duwan, wato ofishin kwastan, kaina cike da littattafan soyayya da 'yan kasuwar Najeriya ke kawowa, kuma a cikinsu babu macen da farcenta ke lalacewa. Da na ga ta fara ɓoye hannu cikin zane, sai na sayo lalle.

"Malam, a littafinka ka karanto wannan magani?" ta ce tana dariya.

"Ke dai ƙunsa, in ga jan yatsa."

Shekara uku ban bar lallen nan ya koɗe ba.

Sai gaɓoɓin da ke kusa da faratan suka fara kumbura. Da safe yatsun ba sa lanƙwasuwa sai hantsi. Mahaifiyarta ta ce sanyin kogi ne, aka yi ta kawo saiwoyi daga Garou. Ni kuwa ina kan keken ɗinki, kunnena na cikin gida, ina fargabar ranar da za ta bar kan wata rabi a tsefe. Kitso ne sana'arta, da shi aka san ta har Gaya. Ranar ta zo.

A asibitin Parakou, lokotoro, wato likita, ya juya hannunta yana duba faratan. "Akaihun nike son gani. Wa ya ruhe su haka?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce a bar lalle mu dawo. Wata huɗu ina duba farin farcen da ke tsirowa.

Da muka koma ya ga ramukan, ya ga wani ɓawo a bayan kunnenta. Ya ce cuta ɗaya ce ke taɓa fata, farce da gaɓa, kuma sau da yawa farce ke fara nunawa. Maganinsa ya rage zafin, amma yatsu biyu sun riga sun karkace.

Ba ta sake yin ƙananan kitso ba. Yanzu ta tsufa, 'ya'yanmu mata ke kitson, tana zaune gefe tana gyara musu da baki. Duk wadda ta zo, sai ta kama hannunta ta duba farata kafin a taɓa kai.