Kawu Sada bai san maganin ba tukuna

Ku 'yan ƙungiyar masu kiwon tattabaru kun san Kawu Sada da yatsa ɗaya yake buga tafireta. Abin da ba ku sani ba, duk sharhin da ya rubuta a shafin farko na mujallarku, ni ya fara karanta wa a zaurenmu na Ƙofar Durɓi. Ƙanin mahaifiyata ne, ni kuwa a aji uku na tsaya. Sai ya ce, "Hadiza, in ke kin gane, har Alhaji Mannir zai gane."

Alhaji Mannir, ka yi haƙuri, kai ka fi kowa shan wahalarsa. Ka tuna ranar da ka zo kana so a yabi farar tattabararka a sharhi? Kawu ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ita ta aiko ka?"

Da soja za su miƙa mulki, sai kuka cika zauren, wai lallai ya rubuta wanda ƙungiya za ta mara wa baya. Ya ce, "Yo tattabara na da ƙuri'a?" Wannan watan shafi biyu ya cika a kan wanke kaskon ruwa. Kai, jama'a! Har da yadda ake riƙe soso.

Sai ciwon nan ya shigo gari. Tattabara ta wayi gari wuya a murɗe, tana ta juyi, kwana biyu ta mutu. Ni ba don sha'awa nake kiwo ba. Tun da na yaye Binta ba abin da ke zama a cikinta sai romon 'yan shila. Kullum ina tsintar gawa a akurki, ina duban wuyan ɗiyata da ya zama kamar sillen kara.

Kowa ya ce Kawu ya buga magani a mujalla. Wani ya ce barkono, wani kanwa, wani kafso daga Babbar Kasuwa. Ya ƙi. Ni ma na durƙusa gabansa.

"Kawu, don Allah ka rubuta ko mi ne ne, mu gwada."

"In rubuta abin da ban gani ba? Ni ɗan takara ne?"

"Kawu, ƙarewa suke!"

"Kwana arba'in nike gwaji a kan nawa. Saura sha tara."

Na tashi ina kuka, na ce ba ya da tausayi. Washegari ya shigo da 'yan shila biyu a aljihun riga, ya aje, ya ce, "Na Binta ne, ba naki ba, ke da baƙar magana." Haka ya riƙa yi duk Juma'a. Ashe masu lafiyar da suka rage masa yake ɗebowa.

Bai cika arba'in ɗin ba, Allah Ya karɓi abinsa. Da aka buɗe ɗakinsa, takarda na cikin tafireta da layi ɗaya: "'Yan'uwa, ban san maganin ba tukuna." Na ji wasunku sun ce wannan ba sharhi ba ne. To, shi ya bari.

Yanzu tattabaru uku suka rage mini, ɗaya ta fara karkata kai jiya. Ban san abin da zan ɗora wa Binta a tukunya makon gobe ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Sada, Ya haskaka makwancinsa, Ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da ɗiyata. Ita kuma Allah Ya raya mini ita. Amin.