Mun Bar Yohanna a Ƙarƙashin Ruwa

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Asabar muka yi zamanmu na ƙarshe, a rumfar da Malam Bawa yake gyaran injin jirgin ruwa a bakin kogi a Yelwa. Mu huɗu ne: shi Bawa, da ni, da Garba Tela, da Yohanna, malamin firamare ɗan Wara. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Bawa, Allah Ya jiƙansa, amma wancan zaman ya riga rasuwarsa da shekara biyu.

Zan fara da bayanin wasan, don masu wucewa sun sha ɗaukarsa caca. Bawa ne mai labari. Kowannenmu yana da mutuminsa a ciki: ni matuƙin kwalekwale, Garba mafarauci, Yohanna mai nutso. Bawa zai faɗi inda muke da abin da ya tare mu, kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a watsa ƙwayoyin wuri huɗu, irin kuɗin da, a kan tabarma. In sun buɗe baki, ka ci nasara. In sun kife, Bawa ya yi dariya ya yanke maka hukunci.

Shi Bawa Bagunge ne, an haife shi a wani tsibiri da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi a Kainji. Labarin duk na komawa can ne, neman tsohuwar rijiyar garinsu. Mun shekara biyar muna tafiya. Dorina ta taɓa kifar da mu, an taɓa ɗaure Garba a wani gari saboda ya harbi kadan da suke girmamawa. A wannan Asabar muka iso saman garin su Bawa da ke ƙarƙashin ruwa. Yohanna ya ce mutuminsa ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa ruwa, ni kuma ina riƙe da ɗaya bakin. Sai aka kira Magariba.

Garba ya ce, "Haba Bawa, mi ya gani can ƙasa? Faɗa muna ko kaɗan."

Bawa ya tattara wurinsa ya ce, "Tela, kai da ka ka riƙe rigar mutum wata ukku, mako guda za ya gagare ka?"

Ranar Laraba takardar canjin wurin aiki ta zo wa Yohanna daga Sakkwato. An tura shi wajen Gusau.

Bawa yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: ba a taɓa mutumin wanda ba ya nan. Da Garba ya yi aure mun jira shi. Da na kwanta asibiti an jira ni. Saboda haka muka ce a jira hutun makaranta. Hutu ya zo, Yohanna ya wuce Wara wajen Innarsa da ba ta da lafiya. Hutu na biyu ya zo Yelwa, amma Bawa ya bi masunta zuwa Shanga gyaran injuna. Na uku ni ne na tafi biki. Na roƙi Bawa ya bar ni in ja igiyar mu ci gaba. Ya ce, "In ka jawo shi, wa za ya faɗi abin da idonai ya gani?" Damina ta gaba zazzaɓi ya kwantar da Bawa, bai tashi ba.

Mutane suna tambayata ko faɗa muka yi. Ba mu yi ba. Irin wannan wasa yana buƙatar manya huɗu su sami yamma guda a tare, kuma kowace shekara aiki da iyali da jinya suna cinye wani yanki na yammar. Ban da wannan, ina zargin Bawa kansa bai yi gaggawar isa rijiyar ba. Muddin muna kan hanya, garinsu yana nan.

Yanzu gidan bidiyo aka buɗe inda rumfarsa take. Samari suna shiga, kafin Magariba sun ga farko sun ga ƙarshe. Da yana raye, ina jin zai tsaya a ƙofa ya tambaye su wanne ne nasu a cikin mutanen fim ɗin, kuma ba za su gane tambayar ba. Bai bar gida ba, bai bar jirgi ba. Abin da ya bari shi ne wannan doka, kuma har yau na kasa karya ta, ko da yake ta gajiyar da ni.

Garba ya kwanta tun bayan Sallah. Rabin jikinsa ya shanye, magana da ƙyar. Duk zuwan da na yi sai ya ce, "Yohanna ya hito?" Na yanke shawara zan zauna a mazaunin Bawa in ƙarasa labarin, duk da ban iya ba. Amma ba zan yi ba sai da mai nutso.

Don haka ina roƙon mai karatu, musamman malaman makaranta na wajen Gusau da Talata Mafara: duk wanda ya san Malam Yohanna ɗan Wara, dogo mai tsagen Kambari, ya faɗa masa Garba Tela ba shi da sauran lokaci mai yawa. Kada ya aiko da saƙo. Ya zo Yelwa da ƙafarsa, kowace Asabar ce, kafin La'asar.