Ranar da Na Yi Lodin Mutanen Unguwa

Tayar baya ta hagu ce ta so ta raba ni da masarata. Da ma fashewa ta yi da na huta, na san abin da zan yi da ita. A'a, sace iska take a hankali. In na ba ta iska a gari sai ta tsaya ƙyam, ta wuni ta kwana a haka. Amma ranar da na yi lodi na kama hanya, kafin in yi nisa sai in ji a-kori-kurar tawa tana karkacewa.

A wani wurin wannan ba abin magana ba ne. Sai dai gonarmu a bayan Kutemeshi take, mu kuwa tun da mutanen daji suka matsa muka dawo cikin Birnin Gwari muka raɓe. Hanyar gona doka ɗaya gare ta: ba a tsayawa. Ko fitsari ne ka riƙe abinka. Wanda taya ta zaunar a dajin nan, a waya danginsa za su ji labarinsa.

Shekarar kuwa masara ta yi kyau, ta bushe a tsaye tana jirana. Yayana ya kira daga Kaduna ya ce, "Ka bar musu. Masara ce fa, ba rai ba." Raina ya ɓaci har na kasa amsa masa da daɗi. Mahaifinmu ne ya sare wannan gonar da gatari. Na bar musu gida, na bar musu rumbu, yanzu kuma har abin da na shuka da hannuna? Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan bari ba."

Na kai tayar wurin mai faci. Ya ciro ta, ya tsoma a ruwa, ya juya ta ko'ina, ya tofa yawu a bakin bawul. Ko kumfa ɗaya. Ya ce, "Malam, tayarka lafiyarta lau." Ban ga laifinsa ba, abin da ruwa ya nuna masa ya faɗa. Sai a hanyar gida tunani ya zo mini: ai a cikin ruwan nan ba ta ɗauke da komai. Ramin ba ya buɗe baki sai nauyi ya danne shi. To ina zan samu nauyi, alhali buhunan da za su yi nauyin suna can gona?

Washegari da hantsi na tarar da majalisar unguwa a gindin darbejiya. Duk irina ne, manoman da aka raba da gonakinsu, an zauna ana dara ana hamma. Na ce su taimaka su hau bayan mota. Wani dattijo ɗan Gbagyi, maƙwabcinmu tun a ƙauye, ya dube ni ya ce, "Au, yau mu ne buhunan?" Na ce, "Kai Baba, ko rabin buhu ba ka kai ba, ka kira matarka ta cika." Aka kwashe da dariya, aka hau, har da matar tasa da ta fito jin hayaniya.

Mota ta zauna, taya ta buɗe ciki. Na kaɗa omo a bokiti, na kwanta a ƙasa ina shafa mata ruwan. Shiru. Na tashi na matsar da motar taku ɗaya, na sake kwanciya. Haka na yi ta yi, ana yi mini tsiya daga sama, wai direba ya koma wankin taya. Can sai ga ta, wata 'yar kumfa a gefe, daidai inda tayar ta taɓa ƙasa, tana tasowa tana fashewa. Na sa filaya na zaro ƙayar aduwa da ta karye a ciki, ba ta kai tsawon farce ba. Na ɗaga ta sama na ce, "Ku dubi abin da zai hana ni gonar ubana!" Na cusa igiyar faci, na ƙara iska, na sake shafa omo. Ruwan ya kwanta luf.

Na ce, "To, na gode, a sauko." Ba wanda ya motsa. Dattijon nan ya gyara zama ya ce, "Tun da ta ɗauke mu a nan, za ta ɗauke mu har can. Ni ma wakena yana gona." Matarsa ce kawai ta sauka, ta dawo da ƙunshin buhuna.

Tsoro na daji, kunya na gida. Ni dai na ji tsoron, amma ban ɗaga ƙafa daga totur ba. Kafin la'asar mun yi lodi a gona mun dawo, dattijo yana saman kaya ta ɓangaren hagu, ya karkatar da kunne wajen tayar.

Muna ƙofar gida Yaya ya sake kira, ya ce yana fata na haƙura. Na ce, "Yaya, bari in kira ka an jima, masara nake saukewa."