Waƙar Ƙarshe a Kundin Nura

Ina tsaye a bakin gonata ta Maska, ina sauraron sabon kundin waƙoƙin hip-hop na ɗana Nura. Ya ce ba zai fitar da shi ba sai na amince.

Na ce, "Kiɗan ya danne maganar, babu 'yan amshi, kuma motocin da kake alfahari da su ban taɓa ganinsu a ƙofar gidanmu ba."

Ya ce, "Haba Baba, daure ka ji ta ƙarshe."

A cikinta ya ambaci sunana, da kantar da ɗibar auduga ta bari a hannuna. Nan take na amince.

Yanzu na rasa ganewa: kundin ne ya yi kyau, ko yabo ne ya ruɗe ni? Jama'a, me kuka gani?