Farin Rairayin da Baba Bai Sani Ba

Shekarun baya, babu abin da nake marmarin gani a duniya kamar dusar ƙanƙara. Ku yi dariya, na yarda. Ƴar Arlit, haifaffiyar garin da ƙarfen ƙofa kan ƙona hannu tun hantsi, ita ce ke rubuta waƙoƙi a kan wani farin abu da ke sauka daga sama ba motsi ba sauti. A littattafan lakwal, wato makarantar boko, na fara ganinta, na kamu da sonta kamar yadda wasu ke kamuwa da son mutumin da ba su taɓa gani ba. Ciwon idon mahaifiyata ne ya kai ni inda take.

Idonta na hagu ya mutu tun ina ƙarama. Na daman ne ke riƙe da gidanmu: da shi take tsintar tsakuwa a shinkafa, da shi take zura zare a allura, da shi take gane wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Da shi ma ya fara duhu, likitan garinmu ya ce aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa, ya ba mu shawarar wani asibiti can cikin tuddan arewacin Aljeriya. Ni aka ɗauka mai jinya kuma tafinta, saboda ɗan Faransancina.

Mahaifina direba ne. A lokacin yana jan bas ɗin ma'aikatan haƙar yuraniyam, amma kafin nan ya ci ƙuruciyarsa a hanyar Assamakka. Yana da tsohuwar mota kat-kat fara da yake lallashi kamar jaririya. Irin motocin nan ne da ƙafafun baya kaɗai ke tura su a kan kwalta. In an iso rairayi sai a tsaya, a sauka a murɗa wani ɗan makulli a cibiyar kowace tayar gaba, a dawo a ja ƙaramin sandan da ke gefen giya, sai ƙafafun huɗu su ɗauki aiki tare. Direbobinmu krabo suke ce wa wannan. Tun ina yarinya ni ke murɗa na dama shi yana murɗa na hagu, kuma tun lokacin nake jin karatunsa. Yakan ce rairayi ba ya son mai shakka. In ka sa krabo, ka ba ta wuta, kada ka ɗage ƙafarka ko da gindin motar na rawa, don wanda ya sassauta shi ke nutsewa. Yakan ƙara da cewa da zarar ka hau busasshiyar kwalta ka cire shi, in ba haka ba motar za ta ci kanta.

Muka keta Assamakka, muka keta Tamanrasset, muka yi kwanaki muna hawa arewa, sanyi na ƙaruwa. Aka yi aikin lafiya. Likitan da ya yi aikin ya rufe idon da bandeji, ya dube ni ya ce ɗinkin da ke ciki ya fi gashin kai siranta: kada ta sunkuya, kada a jijjiga ta, kada kanta ya bugu da komai. Da yake ɗaya idon ba ya gani, Inna ta koma cikin duhu baki ɗaya, ni ce idonta. Shirinmu shi ne mu bi kwalta a hankali har Tamanrasset, a bar mu wurin ƙanwar Baba sai ta warke, shi ya wuce gida don hutun da aka ba shi a wurin aiki ya kusa ƙarewa.

Safiyar da za mu tashi na buɗe taga na ga duniya ta zama fari fat. Na fita ba takalmi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye baki buɗe ba, sai da yatsun ƙafata suka fara zugi. Na dumbuzo na kawo wa Inna na zuba mata a tafi. Ta murza, ta shinshina, ta ce to ga masoyin nawa nan na gani, sai in bar su su huta da waƙa.

Mai masaukinmu, wani dattijo mai yawan tari, ya tarar da Baba yana ɗaure kaya. Ya ce mu ƙara kwana, akwai dutse a gabanmu, hawansa ba komai ba ne, gangararsa ce abin tsoro. Baba ya nuna masa tayoyin gaba. Dattijon ya girgiza kai ya ce in faɗa wa babana, ƙafa huɗu na taimakon mota ta tashi, amma wajen tsayawa duk motocin duniya ɗaya suke. Na fassara kalma da kalma. Baba ya sunkuya ya ɗebi dusar, ya murza ta a yatsu kamar yadda yake gwada ƙasa kafin ya shiga wurin da bai sani ba, ya yi murmushi.

"Farin rairayi ne, Uwata, sanyi kawai ya fi namu. Ki ce masa mun gode."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

A bakin gari ya tsaya, muka murɗa makullan, ya ja ƙaramin sandan. Ni da Inna muna kujerar baya. Gaskiya hawan ya yi daɗi. Ƙananan motoci na ta zamewa, wasu sun tsaya masu su na turawa, mu kuwa muna wuce su ɗaya bayan ɗaya kamar raƙumi cikin jakuna. Baba har ya fara ƴar waƙarsa ta hanci. Inna ta ce motar nan kamar tana gudu. Ya ce Hajiya ta kwantar da hankalinta, krabo na ciki. Sai ta juyo wajena ta ce in faɗa mata abin da nake gani. Na shiga ba ta labarin itatuwa masu farin rawani da duwatsu kamar an lulluɓe su da likkafani. Ta ce in sake wani misalin, wannan ba na matafiya ba ne.

Muka kai ƙololuwa, hanya ta sunkuyar da kai. Abin da littattafaina ba su faɗa mini ba shi ne, dusar da motoci suka tattake takan daskare ta zama kamar gilashi. Dutse na damanmu, a hagu kuwa kwari ne mai zurfi, ɗan guntun shingen ƙarfe kaɗai ya raba mu da shi. Baba bai rage gudun da ya hau da shi ba. Muna shan wata kwana sai ga babbar mota can ƙasa ta gicciye hanya, mutane a tsaye suna ɗaga mana hannu.

Ya taka birki. Ba abin da ya faru.

A kan kwalta birki kuka yake yi, a cikin rairayi mota nishi take yi. Nan kuwa shiru. Muna tafiya sumul kamar tire a kan ruwa, gindin motar ya fara karkata a hankali. Waƙar hancin ta yanke. Sai ƙafar Baba ta yi abin da ta saba tun kafin a haife ni: ta bar birki ta ba ta wuta. Inji ya yi ruri, tayoyin huɗu suka yi ta juyawa a banza, motar ta ƙara juyowa har na daina ganin hanya ta gilashin gaba. Kwarin nake gani, fari, ba ƙarshe.

Ban san lokacin da na jawo kan Inna na manna a ƙirjina ba. Hannu ɗaya a ƙeyarta, ɗaya na yi rumfa da shi a kan bandejin ba tare da na taɓa shi ba. Na tokare ƙafata da kujerar gaba. Ta tambaye ni me nake gani yanzu, na ce fari ne Inna, ko'ina fari. Amma kunnenta na kan zuciyata, kuma ta shekara da shekaru tana gane motar mijinta da sauti tun daga bakin unguwa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ɗage ƙafarka. Ba ta jin ka."

Mutumin da ya gina rayuwarsa a kan kada a ɗage ƙafa. Na ga wuyansa ya sandare, na ga shingen ƙarfen yana matsowa, har ina iya ganin tsatsar jikinsa. Sannan rurin ya faɗi. Ya ɗage. Na ji wani ɗan ƙaras a ƙarƙashinmu, tayoyin sun kama wani abu, hancin motar ya fara dawowa. Ya bi ta da sitiyari a hankali kamar mai lallaɓa doki mai firgita, ya miƙa ta wajen dutsen, inda dusa ta taru tuli. Muka shige ciki da wani bugu mai taushi. Gwiwar hannuna ta daki ƙofa. Kan Inna bai motsa daga inda na riƙe shi ba.

Muna ta salati ƙasa-ƙasa sai na ji ɗumi a wuyan hannuna. Wani ruwa ne ke gangarowa daga ƙarƙashin bandejin, rawaya-rawaya, da ɗan duhu a gefe. Ban san ko magani ba ne ko ɗinkin ne ya saki, kuma ban isa in buɗe ba. Na tambaye ta ko yana ciwo, ta ce yana zafi kaɗan. Baba ya kalle ni ta madubi, na kawar da kai.

Mutanen babbar motar suka taimaka suka turo mu waje. Bayan jandarmomi sun buɗe gefen hanya, Baba ya sa giya ta ɗaya, ya bar injin ya riƙe motar, bai ƙara kusantar birki da ƙarfi ba. Muka gangara kamar jaki da kayan gishiri, ya bar fili mai yawa tsakaninsa da na gaba. Ƙananan motocin da muka wuce ɗazu suka riƙa wuce mu. Ni idona na kan ɗigon ruwan nan, yana bushewa wani na biyo shi.

A gindin dutsen farin ya ƙare, baƙar kwalta ta fito a bushe. Na zaci mun tsira. Muna shiga shataletalen wani ƙaramin gari sai motar ta fara fizga, tayoyin gaba na ƙugi suna tsalle, kowace fizga ina jin ta a wuyan Inna. Krabo na ciki har yanzu. Ba mantawa ya yi ba, na ga ya kalli ƙaramin sandan ya ɗauke ido. Tsoron sakinsa yake yi.

"Baba, kwalta ta bushe," na ce.

"Na gani, Uwata."

Ya tsaya. Sandan ya ƙi fita, ƙarafan sun cije. Sai da ya ja motar baya kaɗan a miƙe sannan ya saki da wani ƙwas. Na sauka na murɗa makullin dama da yatsun da ba na ji. Da na zagayo na same shi tsugune a gaban tayar hagu, ya riga ya murɗa, amma bai tashi ba. Goshinsa na jikin motar. Bai dube ni ba ya ce, "Idon nan fa ɗaya ne."

Muka tambayi hanyar asibitin garin. Wata likita mai sanyin hannu ta zaunar da Inna, ta ɗaga bandejin a hankali. Ta haska, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce ɗinki na nan daram. Hawaye ne ya gauraya da magani. Sannan ta ce in tambayi Inna ko tana ganin wani abu.

Inna ta yi ta ƙifta ido. Ta juya wajen taga, inda dutsen ke can nesa da ɗan farinsa a ka kamar hular tsoho. Ta daɗe tana kallo.

"Wancan ɗan farin ne ya kusa cinye mu?"

Na ce shi ne. Ta juyo ta ƙura wa Baba ido, karo na farko cikin watanni da ta ga fuskarsa sosai, ta ce Malam ashe haka ya tsufa ba a faɗa mata ba. Ya yi dariya har ya share ido da gefen rawaninsa. Ranar a garin muka kwana. Na tuna masa da hutunsa, ya ce kamfani ya jira, yuraniyam ba ya ruɓewa.

Yanzu ya bar tuƙi. Yakan zauna a tashar motocin Assamakka ana shan shayi, matasan direbobi na zagaye da shi. Har yau yana koya musu cewa rairayi ba ya son mai shakka, don gaskiya ne. Amma na taɓa jin ya ƙara musu da cewa in sun je ƙasar da ba tasu ba, su tambayi tsohon wurin, kuma su saurara. Bai taɓa faɗa musu wanda ya ce ya ɗage ƙafa ba. Inna ma ba ta taɓa tona shi ba, sai dai in ya cika gardama a gida takan ce a hankali, "Ba ta jin ka," sai ka ga ya yi shiru yana murmushi.

Ni kuwa abin da ya zauna mini shi ne, ba jahilci ne ya kusa jefa mu kwarin nan ba. Gwaninta ce, wadda ta yi daidai a wurinta ta zo ta ga abu mai kama da abin da ta sani. Ni ma haka na yi, na so abu daga hoto. Ban ƙara rubuta wa dusar ƙanƙara waƙa ba, ba don na tsane ta ba, kyakkyawa ce har gobe. Sai dai a tsakiyar zafin Arlit, in na sayo ƙanƙara a leda ina tafe da ita gida, sanyin na ratsa tafina, nauyin kan Inna nake ji a hannuna. Sai in iske ta a tsakar gida, tire a cinya, tana tsintar tsakuwa a shinkafa.